Tafiyar awa goma a mota don neman sunayen matattu: me ke kai iyalan Mormon taron RootsTech?

Duk ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da dusar ƙanƙara bata gama sauka daga kan duwatsun jihar Utah ta Amurka ba, zaka ga manyan motocin iyali sun ɗau hanyar Salt Lake City, uba a sitiyari, uwa riƙe da waya tana duba hanya, yara huɗu ko biyar a baya ana rigimar wa zai zauna kusa da taga, wani lokacin harda kaka da jakar tsofaffin hotuna a cinya. Ka ɗauki iyali ɗaya daga garin Mesa a jihar Arizona misali, tafiyar ta haura kilomita 1,000, awa goma zuwa sha ɗaya idan yara basu yawaita neman bayi ba. Ba biki zasu je ba kuma ba kallon ƙwallo ba. Taro ne na kwana uku da ake kira RootsTech, wanda gaba ɗayansa akan binciken salsala ne, wa ya haifi wa, yaushe ya mutu, a wane ƙauye aka binne shi. Toh mutum zai ce me yayi zafi haka?

Bari mu fara da taron kansa don shine mai sauƙin bayani. An fara shi a 2011, ana yinsa a wani katafaren zauren taro mai suna Salt Palace a tsakiyar birnin, kuma masu shirya shi sune FamilySearch, ƙungiyar da ba ta neman riba wadda mallakin cocin Mormon ce. Shiga zauren da tikiti ne, amma ranar Asabar akwai shiri na musamman don iyalai wanda kyauta ne, shi yasa ake kwaso yara. A 2019 sun kai shi Landan, a 2021 kuma korona tasa aka mayar dashi intanet gaba ɗaya kyauta, masu shiryawa sukace sama da mutum miliyan 1 suka shiga. Af, kafin in manta, su mabiyan basu cika son sunan Mormon ba yanzu, a 2018 shugabansu na lokacin Russell M. Nelson yace a daina, a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa, wato Cocin Yesu Almasihu na Waliyyan Ƙarshen Zamani. Sunan yayi tsawo, kuma da Mormon ɗin duniya ta sansu, don haka a gafarce ni.

Asalin maganar aƙida ce, wanda bai gane wannan ba zai ɗauka sha'awa ce kawai irin ta masu tara tsofaffin kuɗi. Joseph Smith ya kafa cocin a 1830 a jihar New York, kuma a koyarwarsa babu mai samun cikakken tsira sai anyi masa baftisma, wato tsoma mutum a ruwa na shiga addini, ta hannun wanda ke da izini a wannan cocin. Nan take tambaya ta taso, toh kakana da ya mutu tun kafin a kafa cocin fa? biliyoyin mutanen da ko sunan cocin basu taɓa ji ba fa? A 1840 a garin Nauvoo na jihar Illinois, Smith ya bada amsa, yace mai rai zai iya shiga ruwa ayi masa baftisma a madadin mamaci, ya kafa hujja da wata aya a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 15 aya 29, inda aka ambaci masu yin baftisma saboda matattu. Sauran Kiristoci, Katolika da Furotesta da na gabas, duk basu yarda da wannan fassarar ba, su kaɗai ke aiki da ita a wannan girman.

Idan kana neman abun da zai kusanto maka da ma'anar, ka tuna yanda ake yiwa mamaci aikin Hajji a madadinsa. Siffar wakilcin tayi kama, amma akwai bambanci babba, shi Hajji ana yiwa wanda ya mutu a cikin addinin ne, su kuwa suna yiwa wanda bai taɓa shiga nasu ba. Abun da suke cewa shine ba wai an mayar da mamacin ɗan coci bane, tayi ne aka miƙa masa a can inda yake, yaga dama ya karɓa yaga dama ya ƙi, kuma ba a rubuta shi a rajistar mambobi. Ana yin aikin ne a haikali, wanda ya bambanta da cocin unguwa da kowa ke iya shiga ranar Lahadi, shi haikali sai mamba mai katin izini daga shugabanninsa. A ciki akwai kwarmin ruwa da aka ɗora akan gumakan shanu 12, ana sa fararen kaya, namiji ya wakilci namiji mace ta wakilci mace, kuma yawanci matasa ne daga wajen shekara 12 ke shiga ruwan. Kaga kenan yaran nan dake rigima a bayan mota ba rakiya kawai sukayi ba, sune ma'aikatan.

Sai kuma abu na biyu wanda a ganina shine ya mayar da lamarin aikin takarda sosai, wato abun da suke kira hatimcewa, ɗaure miji da mata da 'ya'ya ta yadda a imaninsu mutuwa bata raba su. Da farko mutane kan nemi a ɗaure su da manyan shugabannin coci ne, sai a 1894 shugabansu Wilford Woodruff yace a'a, kowa a ɗaure shi da ubansa, uban da nasa uban, a bi sarƙar har inda ta tsaya. Toh ba zaka ɗaure sarƙar da baka san zobbanta ba. Ba a yiwa "kakannina duka" baftisma a dunƙule, sai mutum ɗaya ɗaya, da suna da wuri da shekara. A wannan shekarar ta 1894 aka kafa ƙungiyar binciken salsala ta Utah, itace uwar FamilySearch ta yau.

Daga nan abun ya zama kamar ƙishirwa. A 1938 suka fara yawo da kyamara suna ɗaukar hoton takardu akan ɗan siririn fim da ake kira maikurofim, rajistar haihuwa da aure da mutuwa a coci-coci, takardun ƙidaya, takardun gado, jerin fasinjojin jiragen ruwa. Cinikin da suke yi da gwamnatoci da ma'ajiyar tarihi mai sauƙi ne kuma da wuyar ƙi, ku bamu mu ɗauka da kuɗinmu, mu baku kwafi kyauta, mu riƙe ɗaya. Ƙasar da takardunta ke ruɓewa a ɗaki mai yoyo me zata ce? A farkon shekarun 1960, lokacin da kowa a Amurka ke tsoron bam ɗin nukiliya, suka fafe cikin wani dutse a kwazazzabon Little Cottonwood kusa da birnin suka gina rumbu, dutsen dake samansa kaurinsa ya kusa ƙafa 700. A nan aka tara naɗin fim kusan miliyan 2.4, kuma a 2021 suka sanar an gama mayar dasu duka hotunan kwamfuta. Shafinsu na intanet tun 1999 yake, kyauta ne ga kowa, ba a tambayarka addininka, ga kuma cibiyoyi sama da 5,000 a faɗin duniya. Wa ke biya? Mambobi na bada kashi 10 cikin 100 na abun da suka samu, sannan aikin karanta tsohon rubutun hannu a shigar dashi kwamfuta 'yan sa kai ne suka daɗe suna yinsa, tsofaffi masu fansho da matan gida da ɗalibai, yanzu kuma na'ura ke fara karantawa mutum ya bi ya gyara.

Mu koma cikin motar, don ita hanyar ma darasi ce. Garin Mesa ɗin nan 'yan Mormon ne suka kafa shi a 1878, kuma kafin a buɗe musu haikali a 1927, sababbin ma'aurata daga ƙauyukan Arizona a keken doki suke tafiyar makonni, su haye kogin Colorado a mashigar Lee's Ferry, su isa haikalin St. George don a ɗaure musu aure na har abada. Iyalin da ya biyo ta Flagstaff da Kanab yau kusan sawun kakanninsa yake bi, sai dai shi da hita a mota. Masu zuwa daga gabas kuwa titin I-80 suke bi ta jihar Wyoming, wanda iska da ƙanƙara kan sa a rufe shi a irin wannan lokacin, mutum ya kwana a otal ɗin da bai shirya ba. Can ma labarin ne, bayan an kashe Joseph Smith a kurkukun Carthage a 1844 aka kuma matsa musu lamba suka bar Illinois, Brigham Young ya jagorance su tafiyar kusan mil 1,300 suka sauka kwarin Salt Lake ranar 24 ga Yuli 1847. Talakawan cikinsu da basu da kuɗin shanu da amalanke da hannu suka riƙa turo kayansu a kura, a 1856 ƙanƙara ta rutsa da ayari biyu a Wyoming sama da mutum 200 suka mutu. Yaron Mormon da labarin nan aka raine shi, uwa zata nuna ta taga tace kakan kakanka ta nan ya wuce. Guzurin hanya kuma ba kofi ba shayi, addininsu ya hana tare da giya da taba, sai dai lemon kwalba a manyan kofuna, wannan kam ba a magana.

Cikin zauren taron kasuwa ce da makaranta a haɗe. Ajujuwa ɗaruruwa, wani na koyar da yanda ake karanta rubutun Jamusanci na da, wani yanda ake bin takardun ƙidaya, wani akan gyaran tsohon hoto. Akwai abubuwan da duk mai wannan harkar a Amurka ya haddace, misali ba a sakin takardun ƙidaya masu sunaye sai bayan shekara 72, shi yasa ta 1950 sai a Afrilun 2022 ta fito aka yi ta murna kamar sallah, ta 1890 kuwa gobara ta cinye mafi yawanta a 1921, har yau in ka ambace ta sai kaga fuska ta ɓaci. Abun da yara suka fi so shine manhajar dake nuna maka danginka a cikin mahalarta taron, ka buɗe waya ta ce maka mutum kaza a nan kun haɗa kaka, har ta zana maka ta inda kuka haɗu. Ga tsofaffin gidajen Utah adadin kan yi yawa, kuma dalilin ba ɓoyayye bane, har zuwa 1890 cocin na yarda da auren mata da yawa ba iyaka, Brigham Young kaɗai matansa sun haura 50 'ya'yansa ma sun haura 50. Ka lissafa jikoki bayan shekara 150.

Su FamilySearch bishiyar salsala ɗaya tal suke ginawa ta duk bil'adama, kowa na iya gyara bayanin mamaci, bayanan masu rai ne kawai a ɓoye. Tunanin yana da kyau amma wallahi nan rigima take, ka shekara kana tantance kakarka da hujja, wani ɗan'uwa da baka taɓa gani ba ya shigo cikin dare ya haɗe ta da wata mai irin sunanta ya aurar da ita ga mutumin da ya mutu kafin a haife ta.

Sai rumfunan 'yan kasuwa. Nan ya kamata a rarrabe, FamilySearch na coci ne kuma kyauta, Ancestry kuwa kamfani ne na kuɗi duk da hedikwatarsa na Utah, a 2020 kamfanin zuba jari na Blackstone ya saye shi dala biliyan 4.7, MyHeritage kuma daga Isra'ila yake. Kamfanonin nan biyu ne ke saida kwalbar gwajin DNA da ragi a lokacin taron, ka tofa yawu ka aika. Mutane da yawa sun gano 'yan'uwa ta nan, wasu kuma sun gano uban da ya raine su ba shi ya haife su ba, gida ya rikice. A 2018 'yan sandan Kalifoniya suka kama Joseph DeAngelo, wanda ya shekara arba'in ana nema kan kisa da fyaɗe, ta hanyar DNA ɗin danginsa na nesa da suka ɗora a shafin GEDmatch. Kamun yayi daɗi, amma ya nuna cewa in ɗan baffanka ya tofa yawu, kai ma ya tofa da kai ba tare da ya tambaye ka ba. Ta ɓangaren alheri kuma, jami'ar Utah ta haɗa takardun salsalar nan da bayanan asibiti, wanda ya taimaka aka gano ƙwayar halittar BRCA1 mai alaƙa da sankarar mama a 1994, don a manyan iyalai masu rubutaccen tarihi ne ake iya ganin yanda cuta ke bin jini.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan ka yarda kowane ɗan Adam na buƙatar wannan baftismar, me zai tsayar da kai a kan danginka? Shekaru da yawa ana kwaso sunaye daga rajista a kai haikali ba tare da wata dangantaka ba. A farkon shekarun 1990 Yahudawa suka gano an yiwa dubban waɗanda 'yan Nazi suka kashe wannan baftismar, mutanen da saboda Yahudancinsu aka hallaka su, ka duba zafin wannan. A 1995 akayi yarjejeniya cocin ya cire sunaye kusan 380,000 yace ba za a sake ba sai in zuri'ar mamacin ce ta kawo. Amma abun ya riƙa dawowa, a 2012 aka gano an yiwa iyayen Simon Wiesenthal, shahararren mai farautar 'yan Nazi, cocin ya fito ya bada haƙuri. A 2008 fadar Vatikan ta umarci bishop-bishop kada su ba 'yan Mormon rajistar cocinsu su ɗauka. Dokarsu a yanzu itace ka kawo naka dangin kawai, kuma wanda aka haifa cikin shekara 110 da suka wuce sai da izinin mafi kusancin danginsa mai rai. Su a wajensu kyauta ce da ƙauna, kuma ni ban ga alamar ƙarya suke ba, mutumin da ya tuƙo awa goma da yara biyar ba wasa ya kawo shi ba. Sai dai hujjar nan ta cewa in baka yarda da abun ba ai bai shafe ka ba, bata gamsar dani. Suna ba fanko bane, wanda ya rayu ya mutu akan addininsa iyalansa na da haƙƙin cewa a bar masa sunansa inda ya barshi.

Akwai kuma waɗanda ke zuwa taron da wani ciwon daban, baƙaƙen fatar Amurka. Su bincikensu yakan tsaya cak a 1870, don itace ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, kafin nan a jerin 1850 da 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ake rubutawa a ƙarƙashin sunan ubangida, kamar ana lissafin dabbobi. A 2015 zuwa 2016 FamilySearch da abokan aikinta suka tara 'yan sa kai aka shigar da sunaye kusan miliyan 1.8 daga takardun hukumar da ta kula da 'yantattun bayi bayan yaƙin basasa, aiki ne na gaske da ya buɗewa iyalai da yawa ƙofa. Abun mamakin shine wannan cocin dai har watan Yunin 1978 baya barin baƙar fata ya zama limami ko ya shiga manyan ibadun haikali. Ana ɗage dokar, kafin shekarar ta ƙare 'yan mishan ɗinsu sun sauka Najeriya da Gana, yanzu akwai haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005.

Ta nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Sun gane cewa a yawancin Afirka salsala ba a takarda take ba, a kan tsofaffi take, don haka suke da shiri a ƙasashe da dama harda Gana da Najeriya, ana tura ma'aikata ƙauyuka su zauna da dattijo su naɗi muryarsa yana jero kakanni a rubuta. Wanda ya taɓa cewa bari in tambayi kaka idan naje gida da sallah, kafin sallar tazo aka kira shi jana'iza, ya san darajar wannan aikin. Amma duk mai unguwa ko dagacin da aka zo wa da rakoda ya dace ya san waye mai rumbun da sunayen zasu shiga da kuma dalilin da yasa aka gina rumbun tun farko, ya tambaya a fili me za ayi da sunayen, sannan ya yanke hukunci ido buɗe. Kuma ko ka shiga shafin da kanka zaka ga ba da mu aka auna rigar ba, tsarin ya ginu akan sunan gida ɗaya da ake gada, mu kuwa Musa Ibrahim ɗansa Sani Musa ne jikansa Kabiru Sani, wasu kuma sunan gari suka ɗauka a makaranta irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, ga kakar da duk gida ba wanda ya san sunanta na yanka sai laƙabi, shekarar haihuwa kuma sai dai ace shekarar fari ko shekarar da sarki wane ya hau.

Ranar Asabar da yamma ake watsewa. Iyalin Mesa zasu loda jakunkunan takardu da kwalbar DNA da aka saya da ragi, wataƙila su kwana su je coci da safe sannan su kama hanyar kudu. Idan an dace uwar ta samo wani reshe da ya ɓace, ace wata mata a wani ƙauyen Denmark da 'ya'yanta uku da suka mutu suna ƙanana shekara 200 baya, zata tura sunayen ta waya a tantance ba a riga anyi musu ba, a fitar da katin kowanne. Cikin makonni kaɗan 'yarta mai shekara 13, wadda ta kwashe rabin hanya tana barci da abun jin kiɗa a kunne, zata sa fararen kaya a haikalin Mesa ta shiga ruwa, a kira sunan matar nan da ita kanta bata iya furtawa daidai ba.